Gicciyen Kirya na Baba Bitrus

Ranar nan ina bakin atiliye, shagon aikin nan namu, ina wasa zarto, sai na ji ɗaya daga cikinku, ba zan kama suna ba amma ya san kansa, yana cewa wai a duk aikin kafinta babu na banza kamar gicciye. Katako biyu, ƴan ƙusoshi, a shafa fenti, an gama. Ban tanka ba don fensir na bakina. Yau da aka ɗauke wuta, injin ya samu hutu, ku jawo benci, ku ajiye wayoyin nan, in ba ku labarin katako biyun.

Ni ɗan wajen Tibiri ne, daga gidan Katolika, kuma sunana Yusufu kamar yadda kuka sani. Ranar da babana ya kawo ni koyon aiki wurin Malam Ɗan Jimma a Sabon Gari, Malam ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "An ce mai sunanka ma kahinta ne cikin littahinku. To mu gani in ka gaji wani abu ban da sunan." Daga nan ya miƙo mini gwangwani cike da tsofaffin ƙusoshi da ɗan guntun ƙarfe, ya ce in miƙe su. Na daɗe a kan gwangwanin nan har na fara zaton sana'ar ke nan. Yatsun hannuna na hagu duk sun sha hama, kuma in na yi ƙara sai Malam ya ce in yi a hankali kar in firgita ƙusar. Sai da na iya miƙe ƙusa ba tare da na dubi yatsana ba aka bar ni na taɓa zarto, gizago kuwa sai da gemu ya fara tsiro mini.

Akwai wani gado da muka yi wa wani Alhaji mai sayar da hatsi, wanda ya ƙi a je a auna ɗaki, ya ce shi ya san gidansa, ya gwada mana faɗin da hannuwansa biyu. Gado ya yi kyau, jan katako, har da madubi a kai. Muka ɗora a amalanke muka kai, ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Aka juya shi ta gefe, aka juya ta kai, maƙwabta suka fito kowa na ba da shawara. A ƙarshe Alhaji ya sa aka fasa bango. A hanyar komowa Malam ya ce mini kar in sake yanka katako sai na ga inda abin zai zauna da wanda zai yi amfani da shi, da idona ba da bakin mai shi ba.

Malam Musulmi ne na sosai, ba ya wasa da salla, amma bai taɓa hana ni coci ba. In azuminmu na kwana arba'in ya zo ƙarshe, shi ke tuna mini. "Tahi, sallarku ta matso, bencinanku na jiranka." Haka na zama kafintan ɗan cocinmu tun ina aparanti, wato ɗan koyo, kuma har yau Sati Mai Tsarki, satin da ke kai mu ga Faska, idin tashin Yesu daga matattu, shi ne lokacin da ba na ganin gidana sai don kwana.

Ku ɗauki kujerun Alhamis. A wannan rana limaminmu, wanda muke kira Mompera, yana durƙusawa ya wanke ƙafafun mutum goma sha biyu. Waɗanda aka zaɓa kuwa tun sati guda suke gurzar kaushi da dutse, har ƙafar da za a wanke ta fi fuskarsu tsabta. Ku za ku ce ai kowace kujera ta yi. In ta yi gajarta, tasa ba ta shiga ƙarƙashin ƙafa. In ta yi tsawo, tsoho na zaune ƙafafunsa na lilo kamar na yaro a bakin gado, jama'a na danne dariya. Sai da na aro tasar, na zaunar da mafi gajartar dattawanmu, na durƙusa a gabansa na auna.

Ga kuma abin bugawa. Daga yammacin Alhamis ɗin nan ƙararrawa ke yin shiru, ba a sake kaɗa ta sai an shiga Faska. A madadinta ana buga wani ɗan allo mai ƴar guduma a kai. Na farko da na yi da farin katako ne, na kai wa Masera, wato ƴar'uwa mai hidimar coci, ta gwada. Ya yi wani ɗan ƙas-ƙas, ta ce kaza mai tsattsagar ƙwarya ta fi shi murya. Sai da na samo guntun maɗaci busasshe na rarake cikinsa kaɗan, sannan ya yi amon da ake so, busasshe mai sa jiki ya yi sanyi.

Ƙaramin gicciyen Juma'a shi ne ya koya mini goge katako. Ana shigo da shi a lulluɓe da ƙyalle, a riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan, sannan kowa ya zo ya durƙusa ya sumbace shi, yara da tsofaffi. Abin da hannu ya shafa ya ce ya yi sumul, leɓe zai samo masa sartse. Ni in na gama gogewa a bayan kunnena nake gwadawa, kuma wannan ne dalilin da kuke ganina wani lokaci ina shafa katako a wuya kuna zaton tsufa ne.

Amma babban gicciye, wanda ake ɗauka a kafaɗa, shi ne labarin. Ranar Juma'a Mai Tsarki bayan azahar muna zagaya harabar coci, muna tsayawa wuri goma sha huɗu da muke kira tasha, kowace da hotonta a jikin dogon yaro, ana tuna abin da ya samu Yesu a hanya. Mutum ɗaya ke ɗaukar gicciyen a gaba, gindinsa na jan ƙasa. A wurinmu tun kafin in yi aure mutum ɗayan nan Baba Bitrus ne, manomin rani daga Jiratawa, mai albasa da kankana, kuma shi ya koya wa rabin cocin addu'a. Dogo ne, muryarsa ba ta bukatar lasifika. Ba wanda ya taɓa naɗa shi, ba kuma wanda ya taɓa tunanin karɓewa, har shekarar da gwiwoyinsa suka ba da shi kusa da ƙarshen hanya, ya tsaya yana haki, samari suka fara kallon juna. Mompera ya same shi cikin ladabi ya ce a gwada shekara ɗaya kuma, in abin ya yi masa yawa sai a miƙa wa yara. Baba ya ce ya ji, amma daga ranar ko gaisuwar samarin nan ba ya amsawa da kyau.

Shekarar da ta biyo ita ce muguwar shekararmu. An rufe iyaka, motocin katako suka daina shigowa Maraɗi. Kafintoci da yawa suka rufe atiliye suka hau kabu-kabu, har na taɓa tsayar da babur na tarar abokin aikina ne, muka yi kamar ba mu san juna ba. Mu da muka nace sai sayen tsofaffin ƙofofi muna warwarewa, ƙusoshin ma na koma miƙe su da kaina. A cikin wannan hali aka buɗe ɗakin ajiya na coci a farkon azumi, aka tarar gara ta yi wa babban gicciye aiki. Daga waje lafiya lau, fenti na nan. Ina ɗagawa ya rugurguje a hannuna.

Ba a yi sati ba sai ga amalanken shanu a ƙofar atiliye, Baba Bitrus a kai, a bayansa wani gungumen kirya da iska ta kayar a garkarsa tun damina biyu da suka wuce.

"Yusuhu, ga itace. Ka yi man sabo, ya hi na da nauyi."

"Baba, kirya ce hwa. Da ita ake turmi."

"Na san mi na kawo. Yaran can na cewa na ƙare. Ina so su gani da idonsu."

Ya sa aka mirgino gungumen, ya kora shanunsa. Mu huɗu muka ja shi ciki, muna nishi.

Kashegari da hantsi matarsa ta zo, Inna Marta, ƴar ƙaramar tsohuwa mai sayar da kwaɗon zogale, wadda in tana magana a hankali to a nan ake jin tsoronta. Ta ajiye tasarta, ta zagaya gungumen, ta ɗan taɓa shi da ƙafa.

"Ɗana, wanga ne za ka ɗora ma mijina a kahwaɗa?"

"Shi ya ce, Inna."

"To ka ji. In ka ɗora mashi turmin nan, ba Faska za mu yi ba, zaman makoki za mu yi. In kuma anka amshe gicciyen daga hannunshi, shi ma ba ya kai damina, baƙin ciki ya ishe shi. Ni mijina nike so, a raye, da gicciyenshi. Kai ka san yadda za ka yi."

Ta ɗauki tasarta ta tafi, ko zogalen ba ta ɗanɗana mini ba. To, mai cewa katako biyu ne, ga masu aiki biyu a kan itace ɗaya, ɗaya na son nauyi ɗaya na son sauƙi, kuma dukansu sun haife ni. Na kwana biyu ina zagaya gungumen nan ina shan shayi.

Abin da na yanke shi ne in yi shi kamar akwati. Na kai kiryar wurin mai injin tsaga, na ce ya fitar mini da ita falle-falle, sirara. Mutumin ya dubi itacen, ya dube ni, ya tambaya ko ya taɓa yi mini wani laifi. Haƙoran injinsa sun ji jiki, har yau in ya hango ni sai ya tsallaka titi. Na dawo na yanke gefen kowane falle a karkace, yadda in an haɗa huɗu layin haɗin zai faɗa daidai kan kusurwa, ido ba zai gan shi ba. Na sa gam, na ɗaure da igiyar roba, na cike ƴan kafofi da garin itacen kansa. A kai da gindi da bakin hannuwan na rufe da guntayen da aka yanko a gicce, masu zoben shekaru a jiki, don duk wanda ya leƙa ya rantse gungume ne guda. Ban taɓa aikin da na yi alfahari da shi kamar wannan ba. Ko Malam Ɗan Jimma, wanda a lokacin ya tsufa yana zuwa zama kawai, ya shafa ya ce, "Ashe an gaji wani abu."

Ranar Laraba ta Sati Mai Tsarki da safe Baba ya zo dubawa. Ya tsaya daga nesa ya gyaɗa kai. Ya matso ya shafa, ya ce madalla. Ni har na fara murmushi. Sai na ga ya lanƙwasa ɗan yatsa ya kai kunne kusa, ya ƙwanƙwasa sau biyu. Na auna komai, na manta mutumin nan rayuwarsa duka ƙwanƙwasa kankana yake yi.

"Yusuhu."

"Na'am, Baba."

"Kankana in ta yi wanga amo, ta nuna. Itace in ya yi shi, an mai da ni yaro."

Na fara kame-kame, ina cewa ai ƙarancin katako ne, ina cewa ai kirya guda ko doki ba ya ɗauka. Ya ce bai tambaye ni doki ba. Itacen an riga an tsaga, babu wani, kuma jibi Juma'a. Ya dubi gicciyen, sannan ya ce tun da na yi masa rumbu, sai a zuba masa kaya. Ya aika aka ɗebo yashin Gulbi, busasshe, aka tankaɗe a gabansa. Na cire murfin kai, muka riƙa ɗurawa da mazurari, yana tsaye yana bubbuga jikin itacen don ya zauna, har dogon katakon ya cika maƙil. Abu ɗaya na roƙa ya yarda, in huda ɗan rami a gindi in toshe da ɗan turke, don in an gama a zazzage yashin kar ya ja laima da damina. Ya sunkuya ya sa kafaɗa, ya miƙe da shi, jijiyoyin wuyansa duk suka tashi. Ya ce, "Yanzu ka yi aiki." Ni kuwa gwiwoyinsa nake kallo, suna rawa a cikin wando, kuma gaskiya tsoro ya kama ni.

Ranar Alhamis ina cikin jera kujerun wankin ƙafa sai ga Inna Marta. Na faɗa mata komai, na shirya shan faɗa. Sai kawai ta juya. Ta je inda aka jingine gicciyen, ta tsuguna a gindinsa ta daɗe.

"Wanga ɗan itacen na mi ne?"

"Toshi ne, Inna."

"An sa mashi gam?"

"A'a."

"Da hama anka buga shi?"

"Da hannu na murɗa shi."

"Hagu ko dama?"

"Inna, ni kahinta ne, ban ji wagga tambaya ba. Amma du abin da anka murɗa dama, hagu yake kwancewa."

Ta miƙe ta karkaɗe zaninta, ta ce Allah ya yi mini albarka.

Juma'ar nan an yi rana irin ta bazara, wadda ko ƙadangare ba ya fitowa. Kowa da azumi a baki, ba ƙararrawa, sai ɗan allon maɗacin nan da aka buga muka taru. Samari biyu suka ɗaga gicciyen suka ɗora wa Baba, na ga sun kalli juna, don su ma sun ji abin da ke ciki. Daga ƙofar coci zuwa tasha ta farko ba nisa, amma kafin a kai rigarsa ta jiƙe. Inna Marta, wadda kullum tana can baya cikin mata masu waƙa, ranar sai ga ta a sahun gaba, daf da gindin gicciye. Aka tsaya, aka karanta, kowa ya durƙusa. A nan mayafinta ya zame ya faɗi, kuma duk faɗin harabar nan bai samu wurin faɗuwa ba sai kan gindin gicciyen. Ta ɗan daɗe tana tattara shi.

Da aka tashi aka ci gaba, sai ga wani siririn farin layi yana bin Baba a kan jar ƙasa. Yara suka fara gani. Wani ya buɗe baki zai yi magana, Masera ta yi masa kallo ɗaya ya haɗiye. Mompera ya waiwayo don ya ga ko tsohon na lafiya, idonsa ya sauka ƙasa, ya yi tari, ya kai littafinsa kusa da fuska fiye da yadda karatu ke bukata. Sannan wani dattijo a sahun gaba ya sa takalmi ya shafe layin. Na kusa da shi ya yi haka. Kafin a kai tasha ta uku, cocin gaba ɗaya jan ƙafa ake yi, maza da mata, har samarin da ke jiran gadon gicciyen, ana waƙar makoki ana share yashi. Ni ina can gefe ina addu'a iri biyu, ta ranar da kuma ta kar ramin ya toshe.

Bai toshe ba. A tashoshin farko Baba a dunƙule yake, numfashinsa har baya ana ji. Sannu a hankali bayansa ya fara miƙewa. Wajen tsakiyar hanya muryarsa ta dawo, ya karɓe waƙar daga bakin mata. Can gaba sai da Mompera ya ɗan ɗaga ƙafa, don tsohon na neman taka masa dunduniya. A tasha ta ƙarshe ya sauke da kansa, ya tsaya ƙyam. Samarin nan biyu suka zo karɓa, suka manta, suka tattaro ƙarfinsu duka, saura kaɗan su jefa gicciyen kan dogon yaro. Bayan an tashi Mompera ya riƙe hannun Baba a gaban kowa ya ce, "Baba, baɗi ma sai kai." Na ga idon tsohon ya kawo ruwa, ni ma nawa bai tsaya ba. Ranar Asabar Inna Marta ta aiko mini da kwano cike da zogale, ɗan turken na ɗaure a leda a gefe.

Bayan Faska da ƴan kwanaki Baba ya zo atiliye. Ya zauna a wannan bencin da kuke kai, muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi, har na fara sakin jiki. Sai ya miƙo tafin hannu.

"Ba ni toshin."

Na ɗauko na ba shi. Ya jujjuya shi.

"Kai a ganinka, mutumin da ya tsuhwa yana ɗaukar buhu bisa kahwaɗa bai san buhu mai yoyo ba?"

Na ce, "Baba, a yi haƙuri."

"Ban zo hwaɗa ba. Shi kanshi Mai gicciyen, da ya gaji, sai da anka kamo wani mutum daga ƙauye, Siman, ya taya shi. Ban hi shi ba. Amma a tasha ta biyar anka taya shi. Ku kuwa tun ta hwarko kunka hwara, kahin a kai rabi babu komi ciki, ina tahiya da akwati kamar mai zuwa tasha neman mota." Ya ajiye turken a kan benci. "Ka rage ramin. Kuma ka gaya ma Marta, baɗi ta riƙe mayahinta da kyau sai mun kai ta biyar."

Na ce, "Baba, ai gida ɗaya kuke kwana. Ba sai ka gaya mata ba?"

Ya miƙe, ya gyara hularsa, ya dube ni kamar na yi saɓo.

"Ni? Ai ni ban san an yi ba."